Ina Baƙaƙen Sojoji Suka Shiga a Tarihin Yaƙoƙin Ƙarni na 19?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai sha'awar tarihin soja. Duk abin da na karanta kan yaƙoƙin ƙarni na 19, sunayen Turawa nake gani: janar wane ya ci gari kaza, kanar wane ya murƙushe sarki kaza. Shin baƙar fata ba su yi aikin soja a manyan rundunonin wancan zamani ba ne? In sun yi, akwai hafsoshi a cikinsu? Kuma me ya sa ba a jin labarinsu?

Amsa: Sun yi, ɗan'uwa, kuma da yawan gaske. A wasu yaƙoƙin ma su ne rundunar, Turawan da ake ta ambato ba su fi a tara su a zaure ɗaya ba. Tambayarka ta biyu, ta hafsoshi, a cikinta amsar ta ukun take. A soja hafsa ne ke riƙe da alƙalami. Shi ke rubuta rahoto idan ƙura ta lafa, shi ke faɗin wanda ya yi jarunta, shi 'yan jarida ke nema, shi ke yin ritaya ya zauna ya rubuta labarin rayuwarsa. Yawancin manyan rundunonin wancan ƙarni sun buɗe wa baƙin mutum ƙofar kurtu da ta kofur da ta saje, suka garƙame ta hafsa. Saboda haka idan ka buɗe rahotannin yaƙi na lokacin, sai ka ga Baturen da aka yi wa rauni a hannu an kawo sunansa da muƙaminsa da rundunarsa, su kuwa baƙaƙen da suka mutu an dunƙule su a lamba ɗaya a ƙarshen layi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Bari in fara maka da mutumin da ya fito daga kusa da gida. A 1863, lokacin yaƙin basasar Amurka, wani baƙo ya rubuta sunansa a runduna ta 55 ta jihar Massachusetts, wadda aka kafa don baƙaƙe. A takarda sunansa Nicholas Said. Sunansa na yanka Muhammad Ali ɗan Sa'id, haifaffen Kukawa ta Borno, kuma a faɗarsa mahaifinsa shi ne Barka Gana, babban jarumin Shehu Muhammadu al-Kanemi, wanda Bature Denham ya bi zuwa yaƙin Mandara a 1823. Mahara suka sace shi yana yaro, aka ƙetara da shi Sahara zuwa Tarabulus, daga nan Istanbul, daga nan hannun wani basaraken Rasha, inda aka yi masa baftisma aka ba shi sunan Nicholas. Ya zaga Turai yana yi wa ubangidansa hidima, ya tsinci Turkanci da Rashanci da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci a kan Barbarci da Larabcin da ya zo da su. Kafin ya shiga soja yana koyarwa a birnin Detroit. Mutum mai wannan ilimi, ɗan sarkin yaƙi, a rundunar Amurka iyakarsa saje. Daga baya ma ya koma aiki a asibitin runduna. Riƙe labarinsa, zan dawo kansa.

Ba shi kaɗai ba ne. Baƙaƙe kimanin 179,000 ne suka sa kakin sojan jihohin Arewa, masu yaƙi da jihohin Kudu masu riƙe da bayi, a wancan yaƙi, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na rundunar, ban da wasu wajen 19,000 a sojan ruwa. Kusan 40,000 suka mutu, galibinsu cuta ce ta kashe su a sansani. Hafsoshin da aka ɗora musu Turawa ne kimanin 7,000. Baƙaƙen da suka taɓa riƙe takardar hafsa a duk tsawon yaƙin wajen 100 ne kacal, a ciki har da likitoci da limaman coci. Albashi ma an bambanta: farin soja dala 13 a wata, baƙi dala 10, a cikin goman kuma a cire 3 kuɗin kaki. Runduna ta 54 da ta 55 ta Massachusetts suka ce in ba za a biya su daidai ba, a bar shi. Sun yi sama da shekara suna yaƙi ba su karɓi ko sisi ba, iyalansu na fama a gida. Wani saje mai suna William Walker, a wata rundunar, ya ja mutanensa suka ajiye bindigogi a ƙofar tantin shugabansu kan batun albashin, aka yanke masa hukuncin tawaye aka harbe shi a farkon 1864. A watan Yunin shekarar majalisa ta daidaita albashin. Ga kuma wani haɗari da farin soja bai sani ba: in 'yan Kudu suka kama baƙin soja, ba sa ɗaukarsa fursunan yaƙi. Ko a mayar da shi bauta, ko a yi masa abin da aka yi a sansanin Fort Pillow ranar 12 ga Afrilu, 1864, inda aka karkashe waɗanda suka riga suka miƙa wuya.

Abin da nake so ka duba da kyau shi ne yadda aka tuna da su. Ranar 18 ga Yuli, 1863, da magariba, runduna ta 54 ta shige gaba wajen afka wa ganuwar Fort Wagner a bakin teku kusa da Charleston. Hanyar siririn yashi ce, teku a dama, fadama a hagu, igwa a gaba. Cikin mutum kimanin 600, sama da 270 aka kashe ko aka raunata ko aka kama. Kanar ɗinsu, Robert Gould Shaw, Bature ɗan shekara 25, ya mutu a kan ganuwar. Saje William Carney ya ɗauki tuta da mai riƙe da ita ya faɗi, ya kai ta gindin ganuwa, ya dawo da ita yana jan jiki da harsasai a jikinsa. Lambar yabonsa ta iso shi a 1900, bayan shekara 37. A 1897 aka kafa wa wannan runduna wani babban gunkin tagulla a Boston: Shaw a kan doki, sojojinsa na tafe a ƙasa. Aikin ya yi kyau, fuskokin sojojin kamar su yi magana. Amma da aka zo sassaƙa sunaye a jikin dutsen, na hafsoshi farare da suka mutu aka sa. Sunayen baƙaƙen da suka mutu tare da su sai a farkon shekarun 1980 aka ƙara. Haka nan da aka yi gagarumin faretin nasara a Washington a watan Mayun 1865, kwana biyu ana wucewa, rundunonin baƙaƙe ba sa ciki.

To ko don ba su iya jagoranci ba ne? Takardun sojan da kansu sun ƙaryata haka. A faɗan New Market Heights, ranar 29 ga Satumba, 1864, baƙaƙe 14 suka sami lambar yabo mafi girma ta Amurka. Huɗu daga cikinsu, Powhatan Beaty da Milton Holland da James Bronson da Robert Pinn, dalilin da aka rubuta musu iri ɗaya ne: an kashe ko an raunata duk hafsoshin kamfaninsu, sai sajen ya karɓi ragama ya ci gaba da faɗa. Wato sun yi aikin kyaftin a ranar da aikin ya fi wuya, aka ba su lamba, aka bar su a saje. Christian Fleetwood, samanja ne mai ilimi wanda ya ceto tuta a wannan rana. Hafsoshin rundunarsa suka haɗu suka rubuta takarda a ba shi hafsa, ma'aikatar yaƙi ta ƙi. A Louisiana kuwa, inda aka fara da baƙaƙen hafsoshi tun 1862, wani janar mai suna Banks ya bi su da matsi har kusan dukansu suka ajiye aiki. Ɗaya daga cikinsu, Kyaftin André Cailloux, bai kai ga haka ba: ya mutu yana gaban mutanensa a Port Hudson a watan Mayun 1863, gawarsa ta yi sama da wata ɗaya yashe a fili kafin a ɗauko ta.

Bayan yaƙi abin bai sauya zani ba. A 1866 aka kafa rundunonin baƙaƙe na dindindin, waɗanda aka fi sani da sojojin Buffalo. A duk ƙarnin, baƙaƙe uku ne suka gama makarantar hafsoshi ta West Point. Na farkonsu, Henry Flipper, ya fito a 1877 bayan shekara huɗu da 'yan ajinsu suka yi ba sa yi masa magana sai ta aiki. A 1882 aka kore shi. Kotun soja ta wanke shi daga zargin cin kuɗi amma ta ce halinsa bai dace da hafsa ba. Shugaba Clinton ya yi masa afuwa a 1999, shi kuwa ya rasu tun 1940. Na ukunsu, Charles Young, wanda ya fito a 1889, ya kai kanar, kuma a Legas ajalinsa ya same shi a watan Janairun 1922. A yaƙin Kuba na 1898 baƙaƙen mahaya na runduna ta 9 da ta 10 suna cikin waɗanda suka hau tudun San Juan tare da mutanen Theodore Roosevelt. Roosevelt ya yabe su da farko, daga baya ya rubuta cewa ba sa iya komai sai da farin hafsa a kansu. Wani saje da ke wurin, Presley Holliday, ya mayar masa da martani a jarida. Roosevelt ya zama shugaban ƙasa, don haka ka san labarin wa aka fi karantawa.

Kada ka ɗauka ko'ina haka yake. Inda baƙaƙe suka yi yaƙi a ƙarƙashin tutar da suke da hannu wajen ɗinka ta, janar-janar sun fito. Dessalines ya kori sojan Napoleon daga Haiti bayan faɗan Vertières a Nuwamban 1803. A Kuba, Antonio Maceo ya tashi daga ƙaramin soja har ya zama na biyu a rundunar 'yan neman 'yanci. An raunata shi fiye da sau 20, kuma a 1878 ya ƙi amincewa da sulhun da bai soke bauta ba. Ya mutu a fagen fama a Disamban 1896. A shekarar ce kuma Sarkin Habasha Menelik da sarakunan yaƙinsa suka karya Italiya a Adwa. Faransa ma ta ɗan sassauta: Janar Alfred Dodds, wanda ya ci Dahomey tsakanin 1892 da 1894, ruwa-biyu ne haifaffen Saint-Louis ta Senegal. Sai dai irinsa ɗaiɗai ne, dubban sojojin Senegal da aka fara ɗauka tun 1857 galibinsu a ƙananan muƙamai suka ƙare.

Labarin Ingila ya fi ɗaure kai. Tun 1795 ta kafa rundunonin baƙaƙe a tsibiran Karibiyan, saboda ciwon shawara da zazzaɓi na kashe fararen sojojinta fiye da yadda abokan gaba ke kashe su. Ina aka samo mutanen? Saye aka yi. Tsakanin 1795 da 1807 gwamnatin Ingila ta sayi bayi sama da 13,000, yawancinsu sababbin saukowa daga jirgi, ta sa musu kaki. Wato a shekarun da majalisarta ke muhawarar hana cinikin bayi, sojanta na cikin manyan masu saye a kasuwa. An 'yanta su a 1807, rundunar kuma ta ci gaba har 1927, kuma ita aka riƙa jefawa duk inda ake tsoron Bature zai mutu da zazzaɓi: Saliyo, Gambiya, gaɓar da ake kira Ghana a yau. A ranar 30 ga Yuni, 1866, a wani gari mai shingen itace da ake kira Tubab Kolon a bakin kogin Gambiya, wani soja Samuel Hodge, mutumin tsibirin Tortola, ya sassare shingen da gatari ana ta harbinsa, har ya buɗe wa sauran hanya. Ya sami lambar Victoria Cross, mafi girma a sojan Ingila. Ya mutu da zazzaɓi a Belize a farkon 1868, aka binne shi a kabarin da ba alama. William Hall, ɗan bayin da suka tsere zuwa Kanada, wanda ya sami irin wannan lamba a Lucknow ta Indiya kan abin da ya yi a 1857, shi ma kabarinsa ya daɗe ba alama.

Hafsa fa? Akwai James Africanus Horton, ɗan Saliyo, mahaifinsa Ibo ne da aka ceto daga jirgin bayi. Ya karanta likitanci a Landan da Edinburgh, aka ba shi takardar hafsan likita a sojan Ingila a 1859. Ya yi shekara 20 yana aiki a bakin tekun Afirka ta Yamma, ya shiga yaƙin Asante, daular da ke cikin Ghana ta yau, har sau biyu, ya rubuta littattafai kan cututtukan yankin da kuma kan cancantar 'yan Afirka su mulki kansu, ya yi ritaya a 1880 da babban muƙami. Dalilin ɗaukarsa shi ne dai na kullum, likitocin Turawa na mutuwa. Da kwinin ya wadata, Bature ya daina tsoron sauro kamar da, sai ƙofar ta fara rufuwa. A 1902 aka tsara aikin likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma, aka rubuta ƙarara cewa na 'ya'yan Turawa ne. Mutane kan zaci wariya raguwa ta riƙa yi a hankali. A nan ƙaruwa ta yi yayin da ƙarnin ke ƙarewa.

Yanzu mu zo gida, inda maganar ta fi nauyi a baki. Sojan Nijeriya na yau yana ƙirga asalinsa daga 1863, lokacin da wani hafsan sojan ruwa, John Glover, ya tara wasu 'yan mutane a Legas ya ba su bindiga. Aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Yawancinsu bayi ne 'yan arewa da aka sayar zuwa ƙasar Yarbawa, suka gudo. Ga bawan da ya tsere, kaki kariya ce: ubangijinsa ba ya iya zuwa bariki ya kamo shi. Da Glover ya je neman ƙarin mutane a Akra a 1873, har fansar bayi ya riƙa yi daga hannun iyayengijinsu. Kuma sunan "Hausa" a bakin Turawan bariki bai tsaya kan ƙabila ba. Duk wanda ya fito daga arewa yana jin Hausa, ko Banufe ne ko Babarbare ko Bazabarme ko Bagurunshe ko Mosi, Bahaushe ne a rajista. Turawan sun ƙudurta a ransu cewa Musulmin arewa jinin yaƙi ne, kamar yadda suka ƙudurta game da wasu ƙabilun Indiya, suka yi ta nemansu. Ta haka Hausa ta zama harshen bariki, hafsoshi Turawa suka riƙa koyonta suna cin jarrabawa a kanta, ta haka kuma barikanci ya samu.

A yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 duniya ta san sunan Janar Wolseley, wanda ya ƙone Kumasi a watan Fabrairu, majalisar Ingila ta ba shi kyautar fam 25,000. Fararen sojojinsa ba su yi fiye da wata biyu a ƙasa ba. An tsara abin ne su sauka, su yi faɗa, su koma jirgi kafin zazzaɓi ya kama su. Watannin da suka gabata, na sare daji daga Cape Coast zuwa kogin Pra, da kafa gadoji sama da 200, da gwabzawar farko da Asante, baƙaƙe ne suka yi: sojojin Karibiyan, da Hausawa, da dubban 'yan dako maza da mata. Glover kuma ya biyo ta kogin Volta da nasa Hausawan, ya iso Kumasi kwanaki kaɗan bayan Wolseley ya fita, kuma matsin wannan runduna ta biyu na cikin abin da ya sa Sarkin Asante Kofi Karikari ya nemi sulhu. Daga nan kasuwar sojan Hausa ta buɗe. A 1879 aka kafa musu runduna ta kansu a can gaɓar. Sarki Leopold na Beljiyam ya ɗebi wasu zuwa Kwango tun shekarun 1880, Jamus ta ɗebi wasu a Togo da Kamaru. Da Kamfanin Neja ya ci Bida da Ilori a farkon 1897, Turawan da ke cikin tafiyar kimanin 30 ne, sojojin 'yan ƙasa kimanin 500, ga igwa da bindiga mai ruwa. Wannan tsari ne aka faɗaɗa ya zama rundunar Lugard, wadda ta shiga Kano da Sakkwato a 1903.

Harshenmu ma ya ajiye shaida. Duba kalmomin da suka fito daga bariki suka zauna a gari har suka zama sunayen mutane: Kofur, Saje, Samanja. Kusan kowace tsohuwar unguwa an yi wani Baba Saje. Samanja ya yi kwarjini a kunnen Bahaushe domin shi ne ƙololuwar da kakanninmu suka ga ɗan ƙasa ya kai. Shi ke horar da kurata, shi ke fassara, shi ya san wanda zai gudu da wanda zai tsaya, sau da yawa shi ke koya wa sabon laftanar ɗan shekara 22 aiki, sannan ya sara masa. Ba a ba ɗan Nijeriya cikakkiyar takardar hafsa ba sai a ƙarshen shekarun 1940, Zakariya Maimalari kuma ya fito daga Sandhurst, makarantar hafsoshi ta Ingila, a 1953, shekara 90 bayan Glover.

Sudan na da nata. A watan Janairun 1863 mai mulkin Masar, Sa'id Fasha, ya ara wa Napoleon na Uku bataliyar baƙaƙen Sudan mutum 447, aka loda su a jirgi a Iskandariyya zuwa Meziko, domin ciwon shawara na ƙarar da Faransawa a yankin Veracruz. Shekara huɗu suka yi suna gadin layin dogo suna fafatawa, aka yi musu fareti a Paris a hanyar dawowa a 1867. Sojan Masar, saɓanin na Ingila, yana barin irinsu su zama hafsoshi, kuma wasu cikinsu sun zama. A Omdurman kuwa, ranar 2 ga Satumba, 1898, cikin rundunar Janar Kitchener na Ingila Turawa kimanin 8,000 ne, Misirawa da Sudaniyawa kimanin 17,000. Lokacin da ya fi haɗari a ranar shi ne sa'ad da Ansar, mabiya Mahdin Sudan, suka faɗa wa birged ɗin Macdonald, wadda galibinta bataliyoyin Sudan ne, ta fuska biyu ɗaya bayan ɗaya. Suka juya sahu ana harbi, suka tsaya. Amma abin da aka zana a hotuna aka rataya a Ingila shi ne sukuwar mahayan Turawa, wadda ba ta sauya komai a faɗan ba, sai dai a cikinta akwai wani matashi mai rubutu, Winston Churchill.

Akwai dalili na biyu na mantuwar, kuma wannan daga gare mu yake. Baƙin sojan Amurka na 1863 yaƙin kashe bauta ya yi, jikokinsa na alfahari da shi. Shi kuwa sojan da ya harba igwa a ganuwar Bida, ko wanda ya tsaya a sahu a Burmi ranar da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, wa zai ce nasa ne? Bature bai rubuta sunansa ba, mu kuma ba ma son jin sunan. Har su sojojin Buffalo, da 'yan asalin Amurka jajayen fata aka haɗa su faɗa, ana ƙwace musu ƙasa. Idan na kawo wannan a aji, ɗalibai kan rabu biyu nan take, masu cewa jarumai da masu cewa maciya amana. Ni a ganina duka biyun saurin yanke hukunci ne. Mutumin da aka kamo yana yaro a harin bayi, aka sayar da shi sau uku, sannan wani ya ba shi albashi da bindiga, ba lallai ya ga sarkin da dakarunsa suka kamo shi a matsayin nasa ba. Wannan bai wanke abin da aka yi da hannunsa ba.

Dubi abin da ya faru a ƙasar Hausa ta Nijar a 1899. Ayarin Faransawa biyu, Voulet da Chanoine, ya ratso daga kogin Kwara zuwa gabas yana ƙone garuruwa. Sun gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, sun yi kisan da har yau ba a manta ba a Birnin Ƙonni. Faransawan ba su kai goma ba, hannayen da suka aikata na sojojin Afirka ne. Da labari ya kai Paris aka turo Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli a Dankori, ya kuma shaida wa sojojin cewa ya bar Faransa, zai kafa daular kansa. Cikin kwana uku sojojin nan suka juya, suka kashe Chanoine, suka kashe Voulet, a wajen Maijirgi kusa da Tasawa. Abin da gwamnatin Faransa ta kasa, su suka yi shi. Kuma su ɗin ne, a ƙarƙashin hafsoshin da suka rage, suka ci Damagaram a ƙarshen watan. Kaburburan Turawan biyu na nan a Maijirgi, kowane littafi na kawo sunayensu.

Na ce zan dawo kan Nicholas Said. Bayan yaƙi bai koma Arewa ba, ya zauna a Kudancin Amurka yana koyar da 'ya'yan bayin da aka 'yanta, yana yawo gari gari. A 1873 ya buga tarihin rayuwarsa a birnin Memphis. Ga mutum ɗaya cikin dubbai da ya sami alƙalami a hannunsa. Ya ba da labarin Kukawa da mahaifinsa, da ƙishirwar Sahara, da fadar Istanbul, da sanyin Rasha. Shekarunsa na soja kuwa bai ce uffan a kansu ba. Masu sayen littafin fararen Kudu ne da aka ci da yaƙi shekara takwas da suka wuce, a lokacin da 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ta'addanci a kan baƙaƙe, ke bin tsofaffin baƙaƙen sojoji da malaman makarantunsu cikin dare. Da ba don rajistar runduna ta 55 da rubuce-rubucen da aka yi a kansa a Arewa ba, da mai karanta littafin ba zai taɓa sanin ɗan Barka Gana ya sa kaki ba.